Kura da Shan Bugu: Yadda Ƙungiyoyin 'Yan Wasa ke Haɗuwa da Zaɓen 'Yan Fage, Daga Ƙasar Hausa Zuwa Garwa

Duk ɗalibin da ya yi nazarin karin magana ya san wadda ke cewa, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Galibi akan kawo ta ne a matsayin misalin zalunci, wato wani ya sha wahala wani ya kwashe amfani, daga nan sai a wuce. Amma idan aka dube ta da idon tarihi, za a ga cewa a cikin kalmomi takwas kacal ta zayyana tsarin wata sana'a sukutum: akwai mai fage, akwai wanda ake kallo, akwai masu biya, akwai kuma rabo. Sana'ar ita ce ta masu yawon nuna wasa gari-gari. Tambayoyi biyu wannan darasi zai bi: ta yaya ƙungiyar 'yan wasa ke haɗuwa da wata, kuma wane ne ke zaɓen wanda zai shiga fage?

Za mu ɗauki Garwa, babban birnin yankin Arewa na ƙasar Kamaru, a matsayin madubi, domin a can ne al'adar wasan Hausawa ta tarar da fadar Fulani, sannan ta ga mulkin Jamus da na Faransa da na 'yan ƙasa, kowanne da irin tasa hanyar tara 'yan wasa. Sai dai kafin nan ya kyautu a san yadda sana'ar take a inda ta zama kamfani.

Wasan da'ira a Turai da Amurka

Abin da Faransawa da Larabawa ke kira sirk, wanda za mu kira wasan da'ira, daga doki ya samo asali. A 1768 wani tsohon sojan doki na Ingila mai suna Philip Astley ya fara nuna gwanintar hawa a Landan, yana sukuwa a cikin da'ira yana tsaye a bayan doki. Da ya lura kallon doki kaɗai na ginsar mutane, sai ya ɗauko masu alkafura da masu tafiya a kan igiya da masu barkwanci da makaɗa, ya riƙa sako su tsakanin hawa da hawa. Ke nan tun farkonta sana'ar haɗe-haɗe ce: mutum ɗaya mai fili da jari yana hayar gwanayen da a da kowannensu ke cin gashin kansa a kasuwanni. Faɗin da'irar da aka daidaita a kai, kimanin mita 13, shi ake bi har yau, kuma wannan ma'auni ɗaya ne ya sa ɗan wasa ke iya barin wannan kamfani yau, gobe ya shiga wancan ba tare da ya sauya taku ba.

Jirgin ƙasa ne ya mayar da ita babbar harka a Amurka. P. T. Barnum ya shige ta a 1871, a 1881 kuma ya haɗa jari da abokin gasarsa James Bailey. Shekara guda bayan haka suka sayi giwar nan Jumbo daga gidan namun daji na Landan a kan dala 10,000. Giwar Afirka ce, wadda aka kamo tana ƙarama daga yankin Sudan. Barnum ya mutu a 1891, Bailey a 1906, sai 'yan'uwan nan na gidan Ringling suka sayi kamfanin a 1907 a kan kimanin dala 400,000. Shekara 12 suna tafiyar da kamfanonin biyu daban-daban, sai a 1919 suka game su, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya janye ma'aikata, zirga-zirgar jirgin ƙasa ta yi wuya, mutuwa kuma ta rage yawan 'yan'uwan. Ɗalibi ya lura da abin da aka saya: suna, da taragu, da tantuna, da dabbobi, da takardun yarjejeniyar 'yan wasa. Duka abubuwa ne da ake iya ƙirgawa a rubuta a miƙa. Haɗewa kuwa a wannan tsari tana tafe da sallama, domin fage ɗaya ba ya buƙatar gwanin zaki biyu.

Zaɓen waɗanda za a nuna ma yana da ɓangarensa mai muni, kuma ya taɓa maƙwabtan Garwa. A 1930 kamfanin Ringling ya kai wasu matan ƙabilar Sara daga kudancin Chadi, masu sa faifai a leɓe, ya riƙa nuna su a biranen Amurka. Sunan da aka tallata su da shi, Ubangi, ba nasu ba ne. Jami'in tallan kamfanin ne ya tsinto shi daga taswira don ya ji daɗinsa a baki. Ba don wata gwaninta aka zaɓe su ba, don a yi kallon halittarsu ne. Idan ana neman fassarar karin maganar da muka fara da ita a aikace, to ga ta nan.

A zamaninmu kamfanin Cirque du Soleil, wanda Guy Laliberté da abokansa 'yan wasan titi suka kafa a lardin Kebek na Kanada a 1984, shi ne ya kai tsarin ƙarshe. Ba ya amfani da dabbobi. Yana da sashe guda na zaɓen 'yan wasa, wanda ke farautar gwanayen motsa jiki daga ƙasashe daban-daban, ya gwada su, ya horar da su, ya dasa kowanne a gurbin da aka riga aka tsara. Gurbin na kamfani ne; in mai shi ya karye, wani zai sa rigar. A 2015 masu zuba jari suka sayi mafi yawan hannayensa, a 2017 shi kuma ya sayi Blue Man Group, a 2020 annobar korona ta rufe wasanninsa duka, ya sallami kusan kashi 95 cikin ɗari na ma'aikatansa, masu binsa bashi suka karɓe shi.

Gado, haye da barantaka

Ƙasar Hausa ba ta rasa ko ɗaya daga cikin ire-iren waɗannan gwanaye ba. Akwai gardawa masu wasa da kura da maciji da gwaggon biri. Akwai 'yan tauri da ke gurza wuƙa a jiki ta dakushe, da 'yan hoto da ke cilla garma sama su tare ta da ƙirji ko da ka, da 'yan dabo masu rufa-ido, da masu hawan ƙaho daga cikin mahauta. Ta fannin ban-dariya ga 'yan kama da ke kwaikwayon malamai suna wa'azin tuwo da nama, ga 'yan gambara da ba'arsu mai yaji, ga wawan sarki a fada. Duk abin da Astley ya tara a da'irarsa akwai takwaransa a nan. Abin da babu shi ne tanti, da ƙofa, da tikiti. Daga wannan rashi guda ɗaya sauran bambance-bambancen suka tsiro.

Tun da ba a biyan kuɗin shiga, daga ina kuɗin gardi ke fitowa? Kaɗan daga kyautar 'yan kallo, mafi yawa daga sayar da magani. Kura da mesa talla ce. Hajar ita ce laya da guru da ƙullin garin magani, na sarar maciji ne ko na kambun baka ko na farin jini. Mutumin da ya ga gardi ya cusa hannu a bakin kura ya fito da shi lafiya, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan ingancin abin da ke cikin jaka. A nan ma akwai abin lura ga mai nazarin harshe: kalmar gardi tana nufin mai wasa da dabbobin nan, tana kuma nufin baligin almajiri da ya yi nisa a karatun allo. Abin da ya gama su a idon Bahaushe shi ne yawo, da ƙarfin samartaka, da zaton suna riƙe da wani sirri. To idan jarin sana'a shi ne asiri da jiki da dabba guda biyu ko uku, me attajiri zai saya in yana son haɗe ƙungiya biyu? Kura ba ta bin wanda bai saba da ita ba, asiri kuwa ba ya cikin takarda.

Saboda haka hanyar shiga fage biyu ce, kamar a sauran sana'o'in Hausawa. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya bambanta sana'ar da aka gada, wadda ya ji ana kira karda, da wadda mutum ya shiga da rana tsaka, wato shigege. Mu a yau mun fi cewa gado da haye. Ɗan gado tun yana ƙarami ake ba shi magani a sha da wanka, ya tashi yana jin warin dabba bai ɗauke shi komai ba. Ɗan haye kuwa sai ya yi barantaka. Shi ne mai ɗaukar kaya, shi ne mai neman naman da za a ba kura, shi ne mai zagaya 'yan kallo yana tattara kuɗi. Sannu a hankali a ba shi ganga, a ba shi igiyar biri, kafin wata rana a damƙa masa sarƙa da kulki. Babu ranar gwaji, domin shekarun barantakar su ne gwajin. Abin da ubangida ke aunawa ma ba gwaninta ba ce kaɗai; yana auna riƙon amana, don wanda ka ba asiri yau shi zai kafa fage kusa da naka gobe. A ganina wannan tsoro ne ya hana ƙungiyoyin nan girma fiye da ƙima, ba ƙarancin masu kallo ba.

Idan an zo ranar wasa kuwa, akwai wani mai zaɓe da sau da yawa ba a lura da shi, shi ne makaɗi. Kowane ɗan tauri da ya isa yana da takensa da kirarinsa. Da zarar an kaɗa takensa, ba shi da zaɓi sai ya zabura ya shiga, in kuwa ya noƙe ya zubar da girmansa a bainar jama'a. Wanda makaɗi bai kira ba, ko ya cika jiki da layu, ɗan kallo ne. Shi ya sa sunan Kassu Zurmi ba ya rabuwa da 'yan tauri da mafarauta, kamar yadda sunan Ɗan Anace ba ya rabuwa da Shago a fagen dambe. Aikin da sashen zaɓe na kamfani ke yi da takardu da hotunan bidiyo, a nan ganga ke yin sa, a gaban kowa, cikin 'yan daƙiƙu. Kuma gurbin ba na ƙungiya ba ne, na mai shi ne. In ya mutu, sau da yawa takensa ɗansa ke gada.

Ƙungiyar Bahaushe ta fi sanin rabuwa a kan haɗewa. Misalin da aka fi sani daga makaɗan fada yake, amma tsarin ɗaya ne. Alhaji Musa Ɗankwairo, wanda ya rasu a 1991, a ƙungiyar mahaifinsa Usman Ɗankwanda ya tashi, sannan ya zauna a ƙarƙashin wansa Kurna yana riƙe da muƙamin Daudun Kiɗi, kafin daga baya ya ja tasa ƙungiyar da 'ya'yansa da yaransa. Haka abin ke tafiya: yaro ya ƙware, a yaye shi da albarka ko ya ɓalle da rigima, ƙungiya ɗaya ta zama biyu. Kamfanin Amurka yana girma ne ta hanyar haɗiye ɗan'uwansa, ƙungiyar Hausa kuwa tana yaɗuwa ne kamar rogo, a sari reshe a dasa.

Wannan ba ya nufin ba a haɗuwa. Ana haɗuwa, amma lokaci ne ke haɗawa ba jari ba: bikin Salla, naɗin sarauta, kalankuwa bayan kaka, ranar babbar kasuwa. Baƙuwar ƙungiya takan fara gaida sarkin sana'ar a garin, ko Sarkin Makaɗa ko Sarkin Tauri ko Sarkin Pawa, a ba ta masauki da fili, ita kuma ta fitar masa da nasa kason. In an watse kowa ya kama gabansa. Mai ɗaukar hoton nan na Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya bi wata ƙungiyar gardawa a Nijeriya a 2005 da 2007. A tafiyar farko ya same su da kuraye uku da birai huɗu da 'yan mesoshi, da makaɗa, da mai sayar da magani, da wata ƙaramar yarinya 'yar ɗaya daga cikinsu. Galibinsu dangin juna ne. Hotunan sun zagaya duniya da sunan "Gadawan Kura", wato an jefar da harafin r, kuma har yau haka ake kwafa a rubuce-rubucen Turawa. Ɗalibi ya gyara in ya ci karo da shi.

Garwa: inda fada ta zama mai haɗawa

Bayan Modibbo Adama ya karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Fulani suka kafa daular da suka kira Fombina, wato Kudu, wadda Yola ta zama hedikwatarta a 1841. Garwa, a bakin kogin Binuwai, ɗaya ce daga cikin lamidojin da ke bin Yola, tare da Marwa da Ngaundere da Rai Buba da Tibati da sauransu. Fatake Hausawa da Barebari suka bi sawu don neman hauren giwa da bayi, suna kai tufafi da kanwa da dawaki. Da yawansu suka zauna, Fulanin yankin suna kiransu Kambari'en. Ba su zo su kaɗai ba: mahauta da wanzamai da marina sun biyo su, makaɗa da maroƙa kuma ba sa barin ayarin da ke da kuɗi ya tafi ba su. Shaidar wannan cuɗanya tana nan a sunayen sarautun fadojin yankin, inda ake jin Sarkin Yaƙi da Sarkin Shanu da Sarkin Pawa da lafazin Fillanci, gefe guda da Galadima da Kaigama na Barno.

Abin da ya ba makaɗan Hausa gurbi shi ne al'adar Fulanin kanta. Pulaaku, musamman kunyar da suke kira semteende, ba ta yarda ɗan asali ya tsaya a gaban jama'a yana wasa wani don a ba shi kyauta ba. Amma lamiɗo sarki ne, sarauta kuwa ba ta cika sai da kakaki da algaita da ganga. Sai aka ɗauko masu yi daga waje. Veit Erlmann, Bajamushen da ya yi nazarin makaɗan yankin Marwa a shekarun 1970, ya nuna cewa mafi yawan masu wannan sana'a a fadojin ba Fulani ba ne a asali. Hausawa ne da Barebari da zuriyar bayi da sauran baƙi, kuma yabo da yawa da Hausa ake yin sa. A nan akwai wani juyi mai ban sha'awa. A ƙasar Hausa, bambaɗawa su ne maroƙan da ke yi wa sarakuna kirari da Fillanci, kalmar ma daga Fillanci aka aro ta. A Fombina sai ga bambaaɗo yana yi wa Bafulatani kirari da Hausa. Kowane ɓangare ya ga harshen baƙo ya fi dacewa da roƙo.

Ƙungiyar fada ita ce haɗaka ta farko mai ɗorewa da wannan yanki ya sani. Mai algaita daga gida daban, mai kakaki daga gida daban, sanƙira daga wani gari, duk an tara su a ƙarƙashin shugaba ɗaya da lamiɗo ya naɗa. Ladansu riga ce da hatsi da doki da matsuguni, ba albashi ba. Mai zaɓe shi ne lamiɗo da fadawansa, ma'auni kuwa biyu ne: iya sanin asalin gidan sarauta, da biyayya. Ranar Salla haɗakar ke kai matuƙa, a hawan da Faransawa suka laƙaba wa suna fantasiya. Kowane hakimi ya zo da mahayansa, masu lifidi da masu sulke, da 'yan bindiga da makaɗansa, a jera bisa daraja, a yi sukuwa a ja linzami a gaban lamiɗo a ɗaga masu. Ashe wasan Astley da hawan Garwa uwarsu ɗaya, wato rundunar doki da yaƙi ya ƙare mata. Shi ya kewaye tasa ya sa ƙofa. A Garwa kuwa kallo kyauta ne, domin abin da ake nunawa mubaya'a ce, wurin tsayuwar mutum a jeri shi ne matsayinsa a ƙasa.

Turawa sun yanka wannan daula biyu. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1893 ta bar Yola a hannun Ingilishi, mafi yawan lamidojinta kuma a hannun Jamus. Jamusawa sun kama Garwa a 1901, suka miƙa wuya a cikinta ga sojojin Ingila da Faransa a watan Yunin 1915, daga nan ta koma ƙarƙashin Faransa. Iyakar ta raba fada da fada, amma ba ta toshe hanya ba. Garwa ta zama tashar jiragen ruwa, inda a 'yan makonnin da Binuwai ke cika jirage ke hawowa ta Lokoja da Makurɗi da Yola su kwashi gyaɗa da auduga. Inda kuɗin kaka ya sauka kuwa, ko a cikin gari ko a kasuwanni irin ta Pitowa da ke ci ranar Lahadi, can mai ganga da mai magani ke dosa. Abin da Turawa suka ƙara shi ne sabon mai gayya. Faransawa suka riƙa kiran hawa ranar bikinsu na 14 ga Yuli ko don tarbar gwamna, Ingilishi kuma suka tara sarakunan Arewa a Kano a 1925 don Yariman Wales, a Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth. A karon farko jami'i mai takarda da agogo ne ke faɗin dawaki nawa kowace masarauta za ta kawo, da mintin da za ta wuce.

Gwamnati ta karɓi zaɓe

Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da aka haifa a 1924, shi ya mulki Kamaru daga 1960 zuwa 1982. Zamaninsa ya dace da zamanin manyan bukukuwan al'adu na Afirka: Dakar a 1966, Aljas a 1969, Legas a 1977, wanda aka yi babban hawansa a Kaduna. Kowace ƙasa tana son ta tura ƙungiya ɗaya da za ta wakilce ta, alhali abin da ke ƙasa ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ne da ba su san juna ba. Gini ce ta nuna hanya, da ta mayar da ƙungiyar Keita Fodeba ta ƙasa bayan samun 'yanci a 1958. Sauran suka bi: a yi gasa a gunduma, a tace a lardi, a ɗebi gwanaye a kai babban birni. Wannan ne gwaji na farko irin na kamfani da ɗan wasan yankin ya fuskanta, kuma ya sauya wasan kansa. Fagen gargajiya da'ira ne, 'yan kallo ta ko'ina. Dandamali fuska ɗaya gare shi. Wasan da kan ci yini aka matse shi a minti goma. Aka ɗinka anko, aka cire roƙo, alawus ya maye gurbin kari.

Rawar koroso ta Kano ita ce misali mafi bayyana. A shekarun 1970 jami'an al'adu na jihar suka harhaɗa ta daga raye-rayen Fulani da na Hausawa, da sarewa da kacau-kacau a ƙafa, aka ƙara mata lanƙwasa da alkafura, har ta zama tamkar tun kaka da kakanni take. Ƙungiyar jihar tana ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa. A Nijar, gwamnatin Seyni Kunce da ta hau a 1974 ta farfaɗo da Samariya, ta sa jihohi gasar wasa da waƙa kowace shekara, inda Damagaram ta yi suna da Yazi Dogo da abokansa. Daga Garwa kuwa aka samu Ali Baba, mai rawa da waƙa da Hausa da Fillanci, wanda ya bi ta ƙungiyar ƙasa a Yawunde ya dangana da Faransa, ya rasu a 2004. Da a ƙarni na 19 aka haife shi, iyakar burinsa ƙofar lamiɗo. Wannan riba ce ta gaske, bai kamata mai kishin gargajiya ya raina ta ba. Sai dai tacewar ta fi son mai rawa da makaɗi. Gardi ba kasafai yake shiga jerin ba, don ba a sayar da laya a kan dandamalin gwamnati, shi kuwa in an raba shi da jakarsa an raba shi da abincinsa.

Inda ƙungiyar Hausa ta zama kamfani na sosai shi ne wasan kwaikwayo. Ƙungiyoyin sa-kai na Kano, irin su Tumbin Giwa da ta fitar da Turmin Danya a 1990, su ne suka rikiɗe suka zama masana'antar fim, da furodusa mai jari da darakta mai raba matsayi. Dalili a fili yake: kaset abu ne da ake ƙirgawa a sayar, ya yi aikin da tikiti ya yi wa Barnum.

Dabba kuwa yanzu doka ta shiga tsakaninta da mai ita, a can da nan. Ringling ya sallami giwayensa a 2016 saboda matsin masu kare haƙƙin dabbobi, ya rufe a 2017, ya dawo a 2023 ba dabba ko ɗaya. A Garwa akwai makarantar horar da jami'an gandun daji tun 1970, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, kuma gandayen Binuwai da Faro da Buba Njida duk a yankinta suke. Dokar Nijeriya ta 1985 da ta Kamaru ta 1994 sun ɗaure kama namun daji da riƙe su da sharaɗin izini. Ƙungiyar da Hugo ya bi ma da takardunta take yawo. Hausawa na cewa mai akuya ya yi tafiyar dare balle mai kura, amma mai kura na yau shingen jami'ai ne ke tsayar da shi. Rikicin Boko Haram da ya tsallaka arewacin Kamaru tun 2014, da rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sun ƙara tsuke hanyoyin Mubi da Yola da Banki waɗanda masu yawon sana'a suka saba bi. A kasuwar da gardi ya samu ya kafa fage, rabin da'irar matasa ne da wayoyi a ɗage. Kafin magariba wasan ya isa Facebook da TikTok, dubban mutane a Garwa da Marwa da Kano sun kalla, ƙullin maganin kuwa waɗanda suka tsaya a wurin ne kaɗai suka saya.